Masu Shara a Bayan Idon Malam

Tun da muka dawo daga Indiya ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har wata tsohuwa ta tare ni a bakin kasuwar kifi tana so ta ji ko gaskiya ne mutanen can ba sa zuwa ko'ina sai da rawa. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai an sauya wa maigidana ido da na roba. To ga shi zan rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Sunana Hajara, ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a nan Haɗeja, shekara ashirin da biyu ke nan. Maigidana, wanda zan riƙa kira Malam kamar yadda nake kiransa a gida, marubucin Alƙur'ani ne. Kakanninsa daga Barno suka zo da alƙalumansu, shi ma da ka yake rubutawa, warƙa bayan warƙa, wato falle bayan falle. Ya gama uku a rayuwarsa. Yana cikin na huɗu, saura izu goma sha ɗaya, idonsa ya ƙi.

Abin bai zo rana ɗaya ba. Shekara shida da suka wuce ya fara cewa in ya shigo zaure daga rana sai ya daɗe a tsaye kafin ya gane inda buzunsa yake. Duk wanda ya ji sai ya ce dundumi ne, kuma a garinmu ba wanda bai san maganin dundumi ba: hanta, a gasa ta sama-sama a ci da safe. Da ita kakata ta warkar da mutane, ni ma na karanta cewa akwai gaskiya a ciki, don hanta cike take da bitamin A. Sai na yi magana da Sale mahauci, kullum da safe yana aiko min da ta akuya ko ta rago, in gasa da hannuna, in tsaya a kan Malam sai ya cinye. Ranar da ba a samu ba in ba shi ƙwayar bitamin daga kemis. Shekara shida ban yi fashi ba, kuma ba zan ɓoye ba, ina taƙama da hakan a gaban mata.

Dundumin bai tafi ba, sai ma wani tabo ya fito masa a tsakiyar gani. Yana ganin gefen takarda, yana ganin hannunsa, amma daidai inda bakin alƙalami yake sauka, nan ne hazo. Likitan ido a Kano ya duba ya ce ciwon a can bayan ido yake, a shimfiɗar da ke karɓar haske, wadda suke kira retina, kuma ya ba mu shawarar wani babban asibitin ido a kudancin Indiya. 'Yan'uwa da abokan karatun Malam suka tsaya tsayin daka, tafiya ta haɗu, aka ce ni zan raka shi tunda ni ce mai Turanci. Malam bai taɓa cewa yana so ya warke ba. Abin da ya ce shi ne yana so wani da ya san ido ya gaya masa ko zai kai ƙarshen izu goma sha ɗayan nan.

Mun bar gida a ƙarshen damina, kogi ya cika har ya shiga gonakin shinkafa, masu kwalekwale suna bi ta inda da ake bi da ƙafa. Direban motar da muka shiga ya rantse min ba zai ɗora komai a kan jakarmu ba. Muna isa Kaugama ya tsaya ya ɗauki kwali shida na bandar kifi, ya jera su daidai a kanta. Na yi masa magana, ya ce ai Hajiya kifin Haɗeja turare ne. Ban kai Gujungu ba sai da na yi da-na-sanin rashin sauka, don rana ta buɗe, kifi ya fara tsatso mai.

A Kano kafin a bar mu mu tashi sai da aka yi mana rigakafi, har da ɗigon shan-inna. Malam, mutum mai furfura a gemu, aka ce ya ɗaga kai ya buɗe baki, wata ma'aikaciya sa'ar 'yarmu ta ɗiga masa. Ya haɗiye ya ce mata to saura ta goya shi. A filin jirgi kuma aka ƙwace masa kwalbar tawadar da ya dafa da kansa, da 'yar wuƙar da yake fiƙe alƙalami. Wannan kam ta yi masa ciwo, na ga yadda ya bi kwalbar da kunne har ta faɗa cikin kwandon shara. Abin da ya tsira shi ne warƙa guda daga cikin rubutunsa, wadda ya naɗe a tsumma mai tsabta ya sa a aljihun ƙirji, don ya nuna wa likita girman baƙin rubutun da yake so ya gani.

A Habasha muka sauya jirgi. Can muka haɗu da wata Hajiya 'yar kasuwa, Bakanuwa, mai zuwa saro atamfa da sarƙoƙi, wadda ta zauna ta yi min huɗuba kamar za a kai ni gidan miji. Kada in sha ruwan famfo. Kada in ga saniya a titi in kore ta. In na tambayi mutum abu ya kaɗa kai gefe da gefe, kada in yi fushi, ya yarda ke nan. Wannan ta ƙarshe ita ta fi yi min amfani, don da ban ji ta ba da na yi faɗa da rabin ƙasar.

Shiga Indiya sai da muka ji jiki. Na'urar ɗaukar hoton yatsa ta ƙi karanta hannun Malam na dama, saboda shekara arba'in na riƙon alƙalami sun shafe masa zanen yatsa biyu. Aka goga, aka dangwala, aka sake gogawa, daga ƙarshe jami'in ya kira na gaba da shi suka yi ta juya hannun suna mamaki. Muna fita daga wannan sai ga wani kare mai sheƙi ya zo ya zauna a gaban jakarmu ya ƙi tashi. Aka zazzage mana kaya a bainar jama'a, har zannuwana, ba su sami komai ba sai wari. Na yi ta bayani da Turancin aji cewa kifi ne, kifin ma ba namu ba, Malam kuwa yana gefe yana tambayata da Hausa ko karen ɗan Haɗeja ne.

Masaukinmu ɗaki ne a saman gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, kusa da asibitin. Mace ce 'yar firit, mai tsabta har ta ba ka haushi. Takalmi a waje ake barin sa, wannan bai dame mu ba. Kullum da sassafe takan share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta zana wani ado da garin shinkafa a ƙasa, kafin hantsi mutane su tattake, tururuwa su kwashe sauran, gobe ta sake. Ni na ga ɓarnar gari. Malam kuwa ya tsuguna ya karkata kai yana kallon zanen da gefen ido, ya ce wannan hannun da a wurinmu yake da ya yi zayyana.

Abinci kuwa sai haƙuri. Da safe wata farar waina ce da ba ta taɓa ganin mai ba, a tsoma a miya mai tsami. Da rana shinkafa a kan ganyen ayaba, ita ma da tsami, da yaji mai bin mutum har kunne. Mu da muka fito daga gidan shinkafa, sai ga shi ana koya mana cin ta. Babbar dokar gidan ita ce ba a shigo da nama, ko ƙwai. Kwana biyu Malam bai ci hanta ba, hankalina ya tashi, na ga kamar duk wahalar shekara shida za ta rushe a hannuna. Ranar ta uku na tari a-daidaita-sahu, don ashe can ne mahaifarsu, na ce a kai ni unguwar Musulmi. Na samo hanta wurin wani mahauci mai jan gemu, na sa aka gasa min a can, na naɗe ta a leda uku na sa a jaka. Ban gama hawa bene ba tsohuwar ta fito tana shinshina iska. Sai ta kwashe awa guda tana wanke matakala da turare, ni kuma kunya ta hana ni saukowa har la'asar.

Asibitin gari ne guda. Mutane dubbai, amma ba ka jin hayaniya, kowa da lambarsa a hannu. Kwana biyu ana gwaji: a ɗiga masa magani ƙwayar ido ta buɗe, a sa haɓarsa a kan ƙarfe, a haska shuɗin haske, a ɗebi jini. Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce mai furfura, tabarau a rataye a wuya, ba ta gaggawa. Ta nuna mana hoton bayan idon Malam a allon kwamfuta, ja kamar cikin kankana, da wasu ƙananan tabbai rawaya warwatse a kewayen tsakiya. Ta ce a littattafansu ana kwatanta siffar tabban da kifi. Da na fassara masa, Malam ya yi dariyar da rabon da in ji irinta tun kafin azumi, ya ce ɗan Haɗeja ko cikin idonsa aka leƙa sai an ga kifi.

Da ta ji ni malamar kimiyya ce, sai ta ce maimakon ta yi ta zane a takarda, mu biyo ta hawa na sama, inda suke bincike. Aka ba mu fararen riguna da ledar takalmi. A can suna rainon irin ƙwayoyin halittar da ke bayan ido a cikin ɗan faranti, suna ba su abinci kamar kiwo. Ta zaunar da ni a gaban madubin ƙara girma, ta ce in leƙa.

Jama'a, ni fa na koyar da wannan abu. Shekara ashirin da biyu ina zana da'ira a allo da alli, in sa ɗigo a gefenta, in zana hannuwa biyu suna kewaye ɗigon, in ce wa ɗalibai haka ƙwayar halitta take haɗiye abu, su rubuta sunansa endosaitosis, zai fito a jarrabawa. Ashe ban taɓa yarda da shi ba sai ranar nan. Abin da na gani shimfiɗa ce ta ƙwayoyi masu kusurwa shida-shida, manne da juna kamar saƙar zuma, launin ƙasa-ƙasa, ba gurbin da allura za ta shiga. Gani ya kori ji.

Likitar ta yi bayani, ina juya wa Malam. Ta ce a bayan ido akwai miliyoyin siraran ƙwayoyi masu kama haske, a tsaye cunkus kamar alkama a fadama. Hasken da suke kamawa shi ne kuma yake cinye su, saboda haka kullum suna tsirowa daga gindi, suna zubar da tsohon kai. In an bar abin da suke zubarwa ya taru, da ba wanda zai daɗe yana gani. To a bayansu ne waɗannan masu kusurwa shidan suke, kowace guda tana kula da masu kama haske fiye da ashirin. Aikinsu shi ne su karɓi tsohon kan nan su haɗiye.

Sai ta kunna mana hoton da suka ɗauka na tsawon sa'o'i, aka gaggauta shi. Sun shafa wa gutsattsarin tsohon kan nan wani launi kore mai ƙyalli don a gan su. Na ga gutsure ya sauka a kan ƙwaya. Na ga fatar ƙwayar ta motsa, ta taso ta gefe da gefe a hankali, ta lulluɓe shi, bakin ya haɗe, sai ga shi a ciki cikin 'yar jaka tasa shi kaɗai. Jakar ta yi ta nutsewa ciki, har ta gamu da wata jakar mai ruwan tsami, suka haɗe suka zama ɗaya. Daga nan koren ya fara dusashewa, ya dusashe, ya ɓace. Likitar ta ce an narkar da shi ke nan, abin da ke da amfani a mayar wa masu kama haske su sake gini da shi, sauran jini ya tafi da shi. Ba guda ɗaya ba, duk faɗin allon haka ake yi, ko'ina kore yana shiga yana ɓacewa, ba mai umarni, ba mai jiran wani.

Malam ba ya ganin abin da ya kalla kai tsaye, don haka ya juya fuskarsa wajen taga, yana kallon allon da wutsiyar ido kamar mai fushi da shi. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce in tambaye ta yaushe suke wannan aiki. Ta ce ba sa tsayawa, amma mafi yawansa da safe ne, jim kaɗan bayan hasken farko ya shiga ido. Ya ce in tambaye ta sau nawa ake sauya ma'aikatan. Ta ce ba a sauya su. Kusan waɗanda aka haife ka da su, su ne za su yi maka shara har ka koma ga Allah, kuma a cikin kwana goma ko ɗan fiye sukan cinye tsawon abin da suke kula da shi gaba ɗaya, a sake sabo.

"Hajara," in ji Malam, muryarsa ƙasa-ƙasa, "shekara hamsin da huɗu ana yi min shara kowace safiya, ban taɓa cewa sannu ba."

Ni ma abin da ke raina ke nan. Na tuna duk safiyar da na buɗe ido na fara mita a kan wuta ko ruwa, alhali a cikin kaina ana wannan hidima. Tsoron Allah ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji a wa'azi ba, na ji hawaye yana zubo min a gaban baƙi ban damu ba.

Da muka sauko ofishinta ta gaya mana inda matsalar Malam take. Ta ce masu shararsa ba su ƙi aiki ba. Ciwon gado ne, da shi aka haife shi, ya dai jinkirta bayyana. A cikin masu kama haske akwai wani ɗan dako da aikinsa shi ne fitar da bitamin A da ya gama aiki, to nasa ɗan dakon rago ne. Sai ragowar bitamin ɗin ta dunƙule ta zama wani abu da ruwan tsamin nan ba ya iya narkarwa. Masu shara kuma ba sa zaɓe, abin da aka zubar shi suke haɗiyewa. Kullum su haɗiye, kullum ɗan gutsure ya rage a ciki, shekara da shekaru, har ƙwayar ta cika ta mutu, masu kama hasken da ke kanta su bi ta. Tabban nan masu kama da kifi, tarin nan ne muke gani. Malam ya ce wannan ai kacalla ce, ciyawar da ke toshe mana bakin kogi, ruwa yana nan amma ba hanya.

Sai ta ɗauki biro ta tambaye ni abin da yake ci, da ko yana shan wani magani. Na gyara zama. Na ce mata hanta, kullum, shekara shida, in babu kuma ƙwayar bitamin A, ban taɓa fashi ba, ko a nan garin na nemo masa. Ina faɗa ina jiran yabo.

Ta ajiye biron. Ta cire tabarau. Ta ce min a hankali, kakanninmu ba su yi kuskure ba, ga dundumin da rashin bitamin ke kawowa hanta magani ce sosai. Amma nasa ba shi ba ne. A nasa, daga bitamin ɗin ake samun abin da ke taruwa, don haka masu irin ciwonsa ana hana su ƙari a kan abin da ke cikin abinci na yau da kullum. Ta ce ba ni na jawo ciwon ba, kuma ba wanda zai iya auna ko hantar ta ƙara masa gudu ko ba ta ƙara ba. Amma daga yau a daina, da ita da ƙwayar.

Malam ya juyo ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce ka riƙa sa baƙin tabarau in za ka shiga rana."

Likitar ta faɗi hakan daga baya, amma ba shi ta faɗa a lokacin ba. Duk tafiyar nan ni ce bakinsa, ni ce kunnensa, ban taɓa rage masa ko kalma ba sai wannan. Ya ɗan karkata kai ya dube ni da gefen ido.

Sannan ya ciro warƙarsa daga aljihu ya warware tsumman. Likitar ta miƙe tsaye kafin ta duba, ba ta taɓa ba, ta bar shi ya riƙe. Ta sa aka kawo gilashin ƙara girma mai fitila, ta yi ta gwada shi, wane baƙi yake gani, wane ne ba ya gani. Manyan baƙaƙe yana kama su in ya kauda ido kaɗan. Wasulla kuwa, ƙananan jajayen alamomin da ke sama da ƙasan baƙi, sun tafi. Ta gaya masa gaskiya, ni ma wannan karon na juya ta yadda take: babu magani tukuna, ana kan nema. Tabon zai ci gaba da faɗi, ba ta san saurinsa ba. Gefen ganinsa mai yiwuwa ya zauna masa, ba zai rasa hanyar masallaci ba. Game da izu goma sha ɗaya kuwa, ta ce in ita ce, ba za ta jira komai ba, za ta fara gobe.

Ranar da za mu taso tsohuwar mai gida ta ba Malam ƙullin garin shinkafar da take zane da shi, ni kuma ta ba ni turare, ban sani ba ko kyauta ce ko magana. Hanyar dawowa ba abin da zan iya faɗa a kanta, don ban gan ta ba. Daga Indiya har Habasha, daga Habasha har Kano, maganar nan tana zaune a ƙirjina. In na rufe ido sai in ga hannuna yana juya hanta a kan wuta, in ga masu sharar nan suna karɓa suna haɗiyewa.

Mun iso Haɗeja ruwa ya fara janyewa, masu alkama suna gyaran fadama. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa har magariba. Washegari da sassafe, ko shayi ban dafa ba, sai ga sallamar Sale mahauci da kansa, ya kawo hantar rago mai kyau, ya ce ta murnar dawowa ce. Na karɓa na yi godiya. Na tsaya da ita a tsakar gida na rasa inda zan nufa, daga ƙarshe na wuce zaure na durƙusa a gaban Malam, na gaya masa duk abin da likita ta ce, da ƙaryar da na yi masa. Na ce ya yafe min, garin neman gira na taɓa masa ido.

Ya bar ni na gama kukana. Sannan ya ce tun a ofishin ya san na rage wani abu, don likita ta yi magana mai tsawo, ni kuma na kawo masa guntuwa.

"Ke ma ki yafe min," in ji shi. "Ni tun ina yaro ba na son hanta. Ko warinta ba na so."

Na ɗago na dube shi. Ya ce shekara shida yana ganin ina tashi in hura wuta saboda shi kafin in tafi makaranta, ta yaya zai ce ba ya ci. Ya ce abin da likita ba ta iya aunawa ba, kada ni in ce zan auna, Allah ne ya san rabon kowace ƙwaya. Ban san lokacin da dariya ta haɗu min da kuka ba. Hantar Sale dai maƙwabta suka ci ta.

Bayan kwana biyu ya dafa sabuwar tawada, ya fiƙe alƙalami, ya kira ni zaure ya ce in yi alwala. Ya tura min ƙaramar kwalbar jar tawada da siririn alƙalami. Ya ce baƙi nasa ne, hannunsa ya san hanya ko ido bai raka shi ba, amma wasali ya fi ƙarfinsa, kuma ba ya so ya kai wa wani a waje. Na ce ni da na yi boko, hannuna na alli ne. Ya ce ai shi zai karanta, ni in bi bakinsa.

Haka muke yi wata huɗu ke nan. Da safe in haske ya yi kyau yana rubutu, fuskarsa a karkace, gilashin Indiya a hannun hagu. In na dawo daga makaranta ya karanta da ka a hankali, ni ina ɗora ja a inda ya dace, in na yi shakka in tsaya ya maimaita. Na ɓata warƙa uku a makon farko, yanzu hannuna ya saba. Saura izu huɗu. Tabon ma bai zauna ba, ya fi yadda muka dawo da shi faɗi, kuma ban san wanda zai riga wani ba.

Jiya da la'asar ya miƙo min warƙar da ya rubuta da safe, ya tambaye ni ko layukan sun miƙe. Na duba. Biyun ƙarshe sun gangara daga tsakiya, har ɗaya ya kusa hawa kan ɗan'uwansa. Aikin safiya guda ne cur, kuma in na ce sun miƙe ba zai taɓa sani ba.

Na ce, "Ba su miƙe ba, Malam. Biyun ƙasa sun gangara."

Ya miƙo hannu ya karɓi warƙar. Sannan ya ajiye ta gefe, ya jawo sabuwar warƙa, ya ce in sa yatsana a ƙarshen layi kada in ɗauke sai alƙalaminsa ya iso.